Kaye Nawa, Ƙwallo Nawa?

A bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Agye da Gazawa da Tasawa ta nufi Damagaram, akwai wata rumfar tela a garinmu Cadawa wadda na fi shekara ashirin ina zama a cikinta bayan sallar la'asar. Telan ba ya dafa shayi, ba ya kuma karɓar ko dala daga hannun mazauna rumfar, amma duk wanda ya kwana biyu a garin ya san cewa in ana son a ji wa ya ka da wa, ko wace ƙungiya ta sayi wane, can ake nufa. Benci biyu ne da tabarma ɗaya. Dattawa su ke da tabarma, samari su ke da benci, ni kuwa da yake malamin lakwal ne, sai aka ba ni wata tsohuwar kujera a tsakiya, kusa da keken ɗinki, wai don in riƙa raba gardama. Gaskiyar magana ita ce ban taɓa raba ko guda ba. Sau da yawa ma ni ke ƙara mata itace.

Gardamar rumfar nan kashi biyu ce, kamar yadda shekara take rani da damina. Yawancin watanni ƙwallon Turai ke cin kasuwa: ƴan Barsalona da ƴan Madrid, ƴan Arsenal da ƴan Chelsea, kowa da adadin ƙwallayen gwaninsa a kan harshe. Amma da zarar an ɗaure gero, an tone gyaɗa da aya, hunturu ya fara busawa, sai kokowa ta karɓe rumfar baki ɗaya. A lokacin ne kawuna, ƙanen mahaifiyata, yake gyara zama a kan tabarma, domin fagensa ya zo. Ya yi kokowa a ƙuruciyarsa, ba ta takobi ba, ta dandalin ƙauye wadda ake yi da farin wata bayan girbi. Bai taɓa riƙe alƙalami ba, amma yana iya jero maka karawa arba'in da ya gani da idonsa, da garin da aka yi kowace, da makaɗin da ya yi kiɗa, da ƙafar da aka kama aka yi kaye.

Daga bakinsa na fara jin labarin gasar takobin ƙasa tun kafin in karanta shi a takarda. A shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kunce, aka yi ta farko a Tawa, kuma ɗan Maraɗi ne ya ɗauko takobin, wato Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi yake ɗauke da sunansa. Haka sauran jahohi suka girmama nasu: filin Doso ya ci sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram ya ci sunan Langa-Langa. Kawu yakan ce a wancan zamani rediyo guda ce a unguwarsu, ana ɗora ta a kan turmi a kewaye ta, kuma in mai sharhi na Muryar Sahel ya ɗaga murya, har mata sukan bar daka su leƙo. Babu wanda ya ga karawar da idonsa, amma washegari kowa yana kwatanta ta a tsakar gida kamar a gabansa aka yi.

Tsarin gasar kansa shi ke haifar da lissafi. Jahohi takwas ne, Agadas da Difa da Doso da Maraɗi da Tawa da Tilaberi da Damagaram da Yamai, kowace tana kawo ƴan kokowa goma, a haɗu tamanin, kuma garin da ke karɓar baƙi yana sauyawa daga wannan gasa zuwa waccan. Kowace jaha tana karawa da sauran bakwai, sannan waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba su fuskanci juna har a sami gwani guda. Saboda haka tun daga rana ta biyu rumfarmu takan koma ajin lissafi: Maraɗi saura mutum nawa a tsaye, Tawa saura nawa, gobe da wa za mu haɗu, wane ne zai faɗa hannun wane. Mutumin da ba ya iya rubuta sunansa sai ka ji yana riƙe da sunaye talatin a kansa, yana cire ɗaya bayan ɗaya kowace maraice ba tare da kuskure ba. Na daɗe ina kallon wannan a matsayin hira kawai, irin wadda ake kashe lokaci da ita kafin magariba, sai da wani yaro ya buɗe mini ido.

Ranar Asabar 8 ga watan Oktoba na shekarar 2011 ce. Ƙungiyar ƙwallon ƙasarmu, Mena, tana neman zuwa gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, a rukuni guda da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ita ce ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010, amma Mena ta doke ta da ci ɗaya da nema a Yamai a watan Oktoba na 2010, da ƙwallon Musa Ma'azu. Duk wasannin gida uku mun ci su, na waje kuma ba mu samo komai ba. A wannan rana ta ƙarshe aka zura mana uku a Alƙahira, can kuma Afirka ta Kudu da Saliyo suka tashi babu ci. Ƴan Afirka ta Kudu suka shiga rawa a fili, suna murna sun wuce. A rumfar tela kuwa aka yi tsit, wasu har sun fara saka takalma.

Sai wani ɗalibina na ajin CM2, yaron da ban taɓa ba shi maki mai kyau a lissafi ba, ya tsuguna ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke. Ya ce, "Mushe, ku dakata, ba mu fita ba." Ya ja layi uku. Ya ce ƙasashe uku ne ke da maki tara tara, kuma ya ji a rediyo an ce in aka yi kunnen doki, ba yawan ƙwallaye ake fara dubawa ba, wasannin da masu kunnen dokin suka yi tsakaninsu ake ƙirgawa. Ya cire Masar daga lissafi. Mu mun ci Afirka ta Kudu sau ɗaya, mun ci Saliyo sau ɗaya, maki shida ke nan. Su kuwa kowace ta ci mu sau ɗaya, sannan sun yi canjaras sau biyu a tsakaninsu, kowace tana da biyar. Ya ɗaga kai ya ce, "Shida ta fi biyar." Wani ɗan kasuwa ya daka masa tsawa ya ce yaro bai san wuta ba sai ya taka, ƙwararrun Afirka ta Kudu da kocinsu ba su iya ƙidaya ba sai shi? Ba a jima ba rediyo ta tabbatar da abin da yaron ya zana a ƙasa. Mena ta wuce, kocinta Haruna Dula kuma aka zaɓe shi gwarzon kocin Afirka na wannan shekara.

Garin ya kwana yana murna, ni kuwa na kwana ina tuhumar kaina. Yaron da ya warware abin da ya gagari hukumar ƙwallon wata babbar ƙasa, shi ne nake rubuta wa "faible" da jan alƙalami kowane mako. A aji ina tambayarsa da Faransanci game da famfon da ke cika baho, shi da bai taɓa ganin baho ba. A rumfa kuwa ya yi lissafinsa da Hausa, a kan abin da zuciyarsa take ciki. Ranar Litinin na shiga aji na rubuta a allo: jahohi takwas, kowace za ta kara da sauran, karawa nawa ke nan? Kafin in juyo, hannaye sun tashi. Wasu suka ce hamsin da shida, sai wata yarinya ta ce a'a, in Maraɗi ta kara da Tawa ai Tawa ta kara da Maraɗi ke nan, a raba biyu, ashirin da takwas. Wani ya ƙara da cewa in kowace karawa mutum goma ne, kokowa ɗari biyu da tamanin ke nan. Darasin da nakan yi kwana uku ina fama da shi, aka gama shi kafin a fita shan iska.

Mena ta je Gabon a 2012 ta sha kashi a wasanninta uku, ta koma gasar a 2013 a Afirka ta Kudu ta samo maki guda a hannun Kwango ta Kinshasa. Rumfa ta yi ta yanke hukunci a kan wanda ya kamata a sa da wanda ya kamata a ajiye, kamar yadda ta saba. Amma gardamar da ta fi taɓa ni ba ta ƙwallo ba ce, ko da yake daga ƙwallo ta faro.

A watan Agusta na 2017 aka ji cewa Neymar ya bar Barsalona ya koma PSG ta birnin Paris a kan yuro miliyan 222. Tsohon ɗalibin nan nawa, wanda a lokacin ya zama saurayi mai rumfar cajin waya, ya buga lissafi ya ce kuɗin sun haura sefa miliyar 145. Wani ya ce a mayar da su buhunan gero a gani, aka fara zane a ƙasa har wuri ya ƙare ba a kai ƙarshe ba. Ƴan Barsalona suka ce butulu ne, ya ci amanar ƙungiyar da ta ɗaukaka shi. Sauran suka ce sana'a ce, kowa inda ya fi samu yake zuwa. Ai Musa Ma'azu namu ma daga ƙungiyar sojoji ta Yamai ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga can CSKA ta Mosko ta saye shi a 2009, ta kuma ba da aronsa ga Monako da Bordo, babu wanda ya kira shi butulu. Ni ma a ranar ina cikin masu cewa sana'a ce. Har na yi musu bayanin hukuncin Bosman na watan Disamba na 1995, wanda ya ba ɗan wasan da kwantaraginsa ya ƙare damar tafiya inda ya so a Tarayyar Turai ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai a wannan maraice.

Watanni kaɗan bayan haka sai abin ya zo ƙofar gidanmu. Akwai wani saurayi daga wani ƙauye na kusa da mu, ƙaƙƙarfa mai tsayi, wanda muka sa wa rai tun yana ka da sa'o'insa a dandali. Ya shiga zaɓen jaha har sau biyu bai sami shiga cikin goman Maraɗi ba, domin Maraɗi ƙasar ƴan kokowa ce, gurbi goma kuma ba ya isar ta. Sai muka ji wata jaha ta kira shi, ta ba shi gurbi da ɗan abin sanyawa a aljihu. Ranar da muka gan shi a tele sanye da rigar wata jaha, kuma ƙaddara ta haɗa shi da ɗan Maraɗi ya ka da shi, rumfa ta kama da wuta. Ni da na kare Neymar, ni ne na ɗaga murya na ce, "Yaron nan ya sayar da garinsu."

Ban lura mahaifinsa yana zaune a gefen tabarma ba. Ya kawo ɗinkin riga ne. Bai yi fushi ba. Ya jira hayaniya ta lafa, sannan ya ce, "Mushe, gafarta mini in yi tambaya. Na ji an ce farkon aikinka gwamnati ta kai ka can gabas, ka shekara biyar kana koya wa ɗiyan wasu karatu, namu suna nan babu malami. Garinku ka sayar?" Na ce a'a Baba, wannan aiki ne. Ya ce, "To shi ma aikin ne. Bana gonata ba ta ba ni abin da zai kai mu watan azumi ba. Abin da ya aiko da shi muke ci." Ya karɓi rigarsa ya yi sallama.

Na juya wajen Kawu ina neman mai ceto, domin na tabbata tsohon ɗan kokowa zai goyi bayana. Ya gama ɓare goronsa tukuna, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, mi ka sani ga kokowa? Mu da kaka ta yi, walki muke ɗauka mu shiga duniya. Mu kwana Gazawa, mu wuce Tasawa, wani lokaci har ƙasar Katsina. Duk garin da muka sauka, sarkin samari ya ba mu masauki da hura, in ka yi kaye a ba ka goro da turmin zane. Wani in ya ji daɗin gari sai ya zamna, ya yi aure, ya riƙa yi musu kokowa. Ba a ce ya sai da kowa ba. Abu guda ne ba ya sakewa: in makaɗi zai kira ka, da sunan ubanka da na garinku zai kira ka." Ya nuna tele da haɓa ya ce, "Wanga yaro, da suka kira shi, sunan wane gari suka faɗi?" Aka yi shiru, domin babu wanda ya ji an ambaci ƙauyensu. Sunan jahar da ta ɗauke shi kaɗai aka faɗa. Kawu ya ce, "To nan ne ɓarnar take, ba ga tahiyarsa ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar nan. Ƙasarmu ƙasar cin rani ce. Babu gidan da ba shi da wani a Kano ko Legas ko Agadas ko Libiya, kuma ba mu taɓa kiran ɗan cin rani maci amana ba, addu'a muke yi masa ya dawo da alheri. Ɗan kokowa kuwa ƙarfinsa shi ne jarinsa, jarin da ba ya wuce ƴan shekaru, gwiwa guda in ta goce shi ke nan. Neymar yana da lauyoyi da takardar da ta tanadi abin da za a yi in ya ji rauni. Yaronmu, iyakar abin da mahaifinsa ya sani, da baki aka yi magana. Mai kallo yana son ɗan wasa ya zauna don a yi alfahari da shi, amma ba ya tambayar abin da ya ci da dare. Duk da haka ban yarda cewa ƙorafin rumfa banza ne gaba ɗaya ba. Gasar takobi tana da daɗi ne saboda manomin Cadawa yana jin cewa ƙasarsa ce ta shiga fili. In ya zama jahar da ta fi kuɗi ita ke tara gwanaye, ranar da za a daina ɗora rediyo a kan turmi tana tafe. Abin da nake gani shi ne a bar ɗan kokowa ya nemi abincinsa, amma hukumar kokowa ta sa a rubuta sharuɗɗan tafiyarsa a takarda, a tanadi maganinsa in ya karye, a kuma riƙa kiran sunan garin da ya haife shi a fili, kamar yadda makaɗan da suke yi. Bayan mako guda na hau babur na je ƙauyen na ba mahaifin yaron haƙuri. Ya yi dariya ya ce ai zancen rumfa a rumfa yake ƙarewa, ya sa aka kawo mini fura.

Gardama ta ƙarshe da Kawu ya halarta ita ce ta farkon shekarar 2024. Kadri Abdu na Doso, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Samarin benci suka ce magana ta ƙare, ba a taɓa yin kamarsa ba, shida ta fi kowane adadi da wani zai kawo. Dattawan tabarma suka ce ba su san Kantu ba ne, ba su ga Salma ba, ba su ga Kadade na Tawa ba. Ko Umaru Bindigau, da ya kawo wa Maraɗi takobi a idonsu, sun manta da shi. Mai cajin waya ya ce, "Baba, ku kawo lissafi." Kawu ya ce lissafi ba ya faɗin wanda ka kayar. A zamaninsu, in ji shi, ɗan kokowa daga gona yake zuwa fili, babu mai horarwa, babu sansani, babu agogon da zai cece ka in numfashi ya ƙare. Saurayin ya amsa cikin ladabi cewa ai wannan hujjar tasa ce, domin in yanzu kowa yana samun horo, ka da mutane ya fi wuya ke nan, kuma wanda ya yi haka sau shida ya cancanci a sara masa. Kawu ya dube shi ya ce, "Wane ne ubanka?" Da aka faɗa masa, sai ya ce, "Na ka da kakanka sau biyu a dandalin kasuwa. Shi ma haka yake da baki." Aka fashe da dariya, aka tashi salla.

A raina na san kowane ɓangare yana da rabin gaskiya. Adadi shaida ne da ba ya tsufa, ba ya son kai, shi ya sa yaro ɗan shekara goma sha uku ya iya tsayawa da shi gaban manya a 2011 ya yi nasara. Amma adadi ba ya riƙe yadda fili ya yi tsit kafin kaye, ko abin da Sagalo ya sa ɗan kokowa ya ji a jikinsa in ya ambace shi, ko dariyar da ƴan cali-cali suke ba mutane in suna kwaikwayon wanda ya faɗi. Waɗannan a kan mutane irin Kawu suke zaune. Matsalar ita ce ƙwallayen Messi suna rubuce a wurare dubu, duk yaron da ke da waya zai same su cikin ƙiftawar ido, karawa arba'in ɗin Kawu kuwa a wuri guda suke.

Da daminar 2024 Allah ya yi masa rasuwa, bayan gajeriyar rashin lafiya. Bai ga gasar Doso ta ƙarshen wannan shekara ba, inda Abba Ibrahim na Yamai ya ka da Isaka Isaka a karawar ƙarshe, a gaban mutanen jaharsa. Da yana nan da ya ce ai ya faɗa, ba a yin gwanin da bayansa ba ya taɓa ƙasa. A maraicen ranar wani ya tambayi sunan mutumin Gidan Runji da Kawu yake yawan cewa shi kaɗai ya taɓa ɗaga shi sama. Muka dubi juna. Shekara ashirin muna jin labarin nan, amma babu wanda ya riƙe sunan, har da ni da nake yawo da alƙalami biyu a aljihu. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ko ranar da mahaifin yaron nan ya yi mini tambaya.

Tun daga lokacin na sayi babban littafin rubutu na ajiye a wurin tela. Duk tsohon da ya zauna a tabarma, nakan roƙe shi ya ba ni suna uku: ɗan kokowar garinsu, wanda ya kayar, da wanda ya ka da shi. In biyu suka saɓa, nakan rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa, in bar wa na baya su auna. Ƴan ajina kuma na ba su aikin hutu, kowa ya tambayi kakansa ko kakarsa, domin tsofaffin mata sun fi riƙe wanda aka yi wa guɗa. Abin da suka kawo ya ba ni mamaki: sunayen garuruwan da suka tashi, da shekarun da ake ƙirgawa da yunwa ko da fari, da kalmomin kamu da na kaye waɗanda ban taɓa gani a ƙamus ba. Daga littafin nan nake ciro darasin lissafi da na tarihi da na rubutun Hausa.

Ina da dalili na biyu da ya sa nake gaggawa. Basirar da na gani a ƙasa a 2011 ta sami wani mai neman ta. Yau samari da yawa suna riƙe alƙaluman ƙwallo ne don cacar da ake yi ta waya, kuma na san gidan da kuɗin taki ya tafi a daren Asabar guda. Yaron da ya iya auna damar ƙungiya bai rasa kai ba. In makaranta ba ta nuna masa cewa wannan lissafin da kansa ya tabbatar mai caca asara yake yi a ƙarshe ba, wani zai nuna masa akasin haka. Wannan aiki namu ne, mu malamai.

Saboda haka nake kira ga abokan aikina da ƙungiyoyin raya al'adu na Agye da Gazawa da Gidan Runji da sauran sassan ƙasa. Tun daga 2025 dokar ƙasa ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma harshe ba ya cika da doka kaɗai, sai an zuba masa abin da mutanensa suka sani. Kowane gari yana da rumfarsa, yana da tsohonsa mai karawa arba'in a ka, yana kuma da yaronsa mai tsinke a hannu. A haɗa su a kan littafi guda tun tsohon yana da numfashi. Ba ya bukatar tallafi daga waje. Littafin rubutu ne da biro da haƙurin zama.

Jiya da la'asar na tarar an fara lissafin gasa mai zuwa: wa zai shiga goman Maraɗi, wa ya tsufa, wa aka ji wata jaha tana zawarcinsa. Mai cajin waya ya ce bana takobi namu ne, ya kawo hujjoji huɗu. Tela ya ce haka ya faɗa bara. Wurin Kawu a tabarma wani dattijo ya gaje shi, kuma kafin in zauna ya ce mini, "Mushe, buɗe littafinka, na tuno sunan mutumin Gidan Runji." Na rubuta shi a shafi na farko. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.